Wa Zai Zauna a Tabarmar Sulhu? Matasan Sabuwa da Darasin Ruwanda

 

An ɗora mini magana ne a kan yadda za a ƙarfafa matasa su gina zaman lafiya, su kuma shiga harkokin jama'a, a ƙasar da jini ya zuba da yawa. Abin da zan kare a gabanku shi ne cewa ɗaya daga manyan dalilan da suka sa sulhu ke wargajewa a wannan yanki shi ne, masu riƙe da bindigar da waɗanda bindigar ta fi kashewa, wato matasa, ba su da wurin zama a inda ake yanke magana. Abin da muka saba kira tallafin matasa, keken ɗinki da injin markaɗe da ɗan jari, yana da amfaninsa, amma bai taɓa cike wannan gurbi ba.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne ga kowa a nan. A watan Maris na 2014 aka afka wa Mararrabar Maigora da Sabon Layin Galadima da ƙauyukan da ke kewaye, aka kashe gomman mutane, wasu ma suka ce adadin ya haura 100. A farkon 2017 gwamnatin Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta karɓi makamai daga hannun waɗanda suka ce sun tuba, a wani biki da aka yi a Ƙanƙara. An samu sauƙi na ɗan lokaci, har zuwa 2018 da aka kashe ƙasurgumin jagoran 'yan bindiga Buharin Daji, komai ya kwance. A Satumbar 2019 gwamnan ya sake zagaya ƙananan hukumomin bakin daji, har da Sabuwa da Faskari, aka sake ƙulla alkawari, kafin tsakiyar 2020 ya fito ya ce ya daina. A watan Yunin 2020 aka yi kisan gilla a ƙauyen Kadisau. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin dabbobi. A Oktobar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, kuma duk da haka a Fabrairun 2024 aka tare 'yan rakiyar amarya a yankin Damari aka shige daji da su. A 2025 aka koma teburin sulhu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tun daga Jibiya har zuwa nan kudu.

Duk wanda ya kalli hotunan waɗannan tarurruka zai ga tsari iri ɗaya. A gaba ga jami'an gwamnati da hakimai da arɗo-arɗo da malamai, ga kuma jagororin daba. A bayansu, a tsaye, yara ne rataye da bindigogi, wasunsu ko gemu bai tsiro musu ba. Ba wanda ya tambaye su komai. Yarjejeniyar da aka yi da jagora tana rayuwa ne muddin jagoran yana raye kuma yana iya tsawatar wa yaransa. Shi sulhu ya ba shi girma da hanyar shiga kasuwa. Yaron da ke bayansa kuwa, wanda an kore garken ubansa tun yana ƙarami, bai taɓa shiga aji ba, bai san wata sana'a ba sai wadda ke kafaɗarsa, me sulhun ya ba shi? Ranar da jagoran ya faɗi, ko suka saɓa a kan rabo, sai ya ja mutum goma ya kafa tasa dabar, kuma shi bai yi wa kowa rantsuwa ba. A ɓangaren gari ma haka abin yake. Ɗan sa-kan da ya binne ƙanensa da hannunsa, yakan ji labarin an yafe ne a rediyo. Saurayin da ake ba 'yan dubbai ya kai fetur ko burodi daji, ko ya tsegunta gidan wanda ya sayar da masara, shi ma ɗan garin nan ne. Kowane gefe na wannan wuta matashi ne ke rura shi, kuma idan aka zo kashe ta sai a ce ya tsaya a waje manya na magana.

A nan ne Ruwanda ke da abin gaya mana. Tsakanin Afrilu da Yulin 1994, cikin kwana kusan 100, aka hallaka mutane kimanin 800,000, akasarinsu 'yan Tutsi, tare da 'yan Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan. Ƙungiyar Interahamwe da ta yi yawancin aikin da adda ta faro ne a matsayin reshen matasa na jam'iyya mai mulki, kuma gidan rediyon RTLM da ya riƙa zuga su ya ja hankalinsu ne da kiɗa da barkwanci. Ke nan an daɗe da tsara matasan, an ba su shugabanni da taken yaƙi da jin cewa su ma wani abu ne. Bayan ƙura ta lafa, gidajen yari suka cika da mutum sama da 100,000, kotunan ƙasar kuma ba za su iya gamawa da su ba ko a shekaru masu yawa. Sai aka farfaɗo da zaman gargajiya na Gacaca, inda jama'ar unguwa ke zaɓen alƙalai daga cikinsu, a zauna a fili, wanda ya tsira ya faɗi abin da ya gani, wanda ake tuhuma ya amsa. Daga 2002 zuwa rufe su a Yunin 2012, kotuna kusan 12,000 sun saurari shari'o'i wajen miliyan 1.9. Haka kuma tsarin mulkin ƙasar ya keɓe wa matasa kujeru biyu daga cikin 80 na majalisar wakilai, waɗanda majalisar matasa ta ƙasa ke zaɓa. Kujera biyu ba yawa, amma doka ce ta ba su, ba alfarma ba ce da za a janye gobe.

Na san wani zai ce abin da ya same mu ba kisan ƙare-dangi ba ne, kuma ya yi gaskiya. Babu gwamnatin da ta tsara shafe wata ƙabila a Katsina, kuma ɓarayin daji sun kashe Bahaushe sun kashe Bafulatani, sun kore shanun kowa. Amma mu ji tsoron Allah mu duba yadda muke magana a majalisunmu da wayoyinmu. Lokacin da aka fara tare Bafulatani a hanyar kasuwa a kashe shi don kamanninsa kawai, lokacin da aka fara ƙona ƙauye ɗungurungum don ɗan sa-kai ɗaya ya fito daga cikinsa, laifin mutum ya koma laifin dangi. Ta wannan ƙofar Ruwanda ta shiga, shekaru kafin 1994. Mu da muke addini ɗaya, muke auratayya, muke sallah sahu ɗaya, damarmu ta juyawa ta fi tasu. Wani kuma zai ce Ruwanda ba abin koyi ba ce, tun da Gacaca ba ta taɓa laifukan sojojin da suka ci yaƙin ba, waɗanda ake tuhuma ba su da lauyoyi, kuma bakin 'yan adawa a rufe yake a ƙasar. Wannan ma gaskiya ne, kuma gargaɗi ne gare mu: zaman da zai saurari kukan manomi ya toshe kunne ga kukan makiyayi, ko ya yi akasin haka, ajiye gaba yake yi zuwa wata rana.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi, kuma ba na raina shi. Uwar da aka kashe wa ɗa za ta ce, yanzu wanda ya ɗauki makami shi za a kira a ba shi tabarma? Afuwar da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta kwantar da tarzoma, amma alawus ɗin naira 65,000 a wata ya koya wa yaran yankin cewa wanda ya riƙe bindiga shi gwamnati ta sani. Kada mu maimaita wannan. Kujerar da nake nema ta farko ta saurayin da bai ɗauki komai ba ce: ɗan rugar da ya gudu da iyayensa ya bar dabar, ɗan garin da ya ƙi zama ɗan rahoto alhali yana cikin yunwa, yarinyar da aka rufe makarantarsu ta zauna gida shekara da shekaru. Su ne mafi yawa, kuma su ne ba a taɓa gayyata ba. Wanda ya zubar da jini kuwa, hanyarsa ta komowa ta bi ta kan faɗin gaskiya da mayar da haƙƙi, kamar yadda shari'armu ta tanadi ƙisasi da diyya da afuwa, ta kuma bar afuwar a hannun masu jini, ba a hannun wani jami'i ba. Cewa irin wannan mutum zai iya zama mai gyara, ba sai mun je nesa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye jagororin matasa ne masu gaba da juna a rikicin Kaduna na 1992, inda Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Cibiyar da suka kafa tare daga baya ta shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004.

Iyayenmu dattawa kuma na iya ganin kamar ana so a ɗora yaro a kan babba. Ranku ya daɗe, ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa Sarkin Samari ba, kuma gayyar da ke nome gonar marar lafiya ko ta gyara hanyar rafi ba tsofaffi ke yin ta ba. Ruga ma tana da nata tsarin na samari. Abin da ya faru shi ne mun bar wannan tsari ya mutu, 'yan siyasa suka gaje shi, suka mayar da shugabancin matasa sandar kamfe da rabon kuɗin mai. Dokar da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, amma kuɗin fom da wakilan zaɓen fid da gwani sun mayar da ƙofar inda take. Kuma da matasan 'Yantumaki da na birnin Katsina suka fito kan titi a Yunin 2020 suna cewa a daina kashe su, abin da ya fi fitowa fili a martanin hukuma shi ne kame. Matashin da aka hana shi magana a zaure, aka hana shi a titi, akwai mai jiransa a daji da zai saurare shi.

Saura masu cewa a bari sai an gama yaƙi. Wannan rikici ba shi da ranar ƙarewa da za a buga ganga a sanar, lafawa yake yi yana tashi, kuma a lokacin lafawar ne ake ginin da zai hana shi tashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙuduri mai lamba 2250 kan matasa da zaman lafiya tun Disambar 2015, Najeriya kuma ta fitar da nata tsarin aiwatarwa a 2021. Takardun suna Abuja, aikin kuwa a gunduma yake. Kowane kwamitin sulhu a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ya kamata a rubuta a ƙa'idarsa cewa akwai kujerun samari da 'yan mata, na gari da na ruga, waɗanda tsaransu suka zaɓa, masu ƙuri'a daidai da ta kowa. A damƙa musu aikin da ba wanda ya yi har yau: su bi ƙauye-ƙauye da ruga-ruga su rubuta sunan duk wanda aka kashe ko aka sace tun 2014, da shanun da aka kora, da gonakin da aka bari, da burtalin da aka nome. Ba za a iya maganar diyya ko mayar da mutane garuruwansu ba tare da wannan rajista ba, kuma saurayin gari da na ruga da suka zauna suka rubuta mamatan juna, da wuya a sake gamsar da su cewa ɓangare ɗaya ne kawai ya yi asara. Kuɗin aikin bai kai na gina kwalbati biyu ba, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi nasu ne, ku matasa kuna da hurumin zuwa zaman kasafin kuɗin ƙaramar hukumar Sabuwa ku tambayi kansilolinku a wane layi aka sa shi.