Littafin Lissafin Morebath: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Mulkin Ƙananan Hukumomi



Hujjata a yau ɗaya ce: mulkin ƙaramar al'umma yana tsayuwa ne kan lissafin da aka rubuta aka kuma karanta wa jama'a. Shaidata wani ƙauye ne mai suna Morebath a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, wanda gidajensa ba su wuce 33 ba a ƙarni na 16. Limamin cocinsu, Christopher Trychay, ya riƙa rubuta kuɗin shiga da na fita daga 1520 har rasuwarsa a 1574. Cocin na da tumaki da aka raba wa magidanta kiwo, ana sayar da gashinsu. Samari na da asusunsu, 'yan mata ma haka, kuma duk shekara masu riƙon asusun kan bayyana abin da suka kashe a gaban kowa. Daga wannan littafi ne masanin tarihi Eamon Duffy ya nuna a 2001 cewa ƙauyen ya tura samari biyar da guzuri zuwa wani tawaye da aka yi a 1549 kusa da Exeter.

Wani zai ce ai wannan harkar coci ce, ba mulki ba. Amma a Ingila gundumar coci ce doka ta ɗora wa gyaran hanyoyi a 1555, da kula da matalauta a 1601, har dokar 1894 ta kafa zaɓaɓɓun majalisun ƙauye ta raba aikin hukuma da na ibada. Wani kuma zai ce alƙalami ɗaya ne ya rubuta, don haka son rai na iya shiga. Gaskiya ne, sai dai waɗanda ake karanta wa lissafin su suka yi kiwon, su suka ba da kuɗin, kuma da wuya a rage tunkiya ɗaya a gaban mai kiwonta.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, duk ofishin da aka tura ku, ku rubuta kowane kwabo, ku ajiye takardun, ku karanta wa masu haƙƙi. Allah ya sa albarka a karatunku, ya ba ku ikon riƙe amana.