Kashi na 14: Ranar da na daki motar wani dattijo a hanyar Dabai

 Yau ba siyasa za mu taɓa ba. Labarin kunyar da na sha zan ba ku, don kada wani ya sha irinta.

Watannin baya na ari motar Babanmu, tsohuwar Golf ɗin nan da ta girme wa ƙanena. Ina dawowa daga Dabai zan shiga Zuru, sai wani ɗan acaɓa ya gitta. Motar da ke gabana ta taka birki, ni ma na taka, amma kun san birkin tsohuwa. Sai ji kake ƙwas! Danjar mutumin ta fashe, bambarsa ta lotse, tawa fitilar ɗaya ta tafi. Alhamdulillahi, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Mai motar dattijo ne, tsohon malamin makaranta. Ya fito a natse ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau Baba, a yi haƙuri." Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, kowa na cewa a sasanta. Ni kuma, ɗan boko, na ce ai muna da inshora. Na zaro takarda daga aljihun mota ina taƙama.

Wani matashi a wurin ya ce, "Yaya, ka taɓa duba ta kuwa?" Ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar motarmu. Wannan hanya ce ta bincika rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ta tanada. Babu motarmu a ciki. Na kira Baba na tambaye shi nawa ya biya, ya ce dubu biyar ya ba wani mai "taimakawa" wajen sabunta takardu. Nan jikina ya yi sanyi, domin tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar tad-fati ta motar gida daga N5,000 zuwa N15,000. Wato takardar da muka daɗe muna yawo da ita, tawada ce kawai a kan farar takarda.

Ƙarshenta kuɗin da nake tarawa na sayen kwamfuta na kai wa mai gyara. Araha ba ta ado, jama'a.

To, ga abin da na koya bayan nan.

Na farko, mene ne tad-fati ɗin? Inshora ce da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani: motarsa, shagonsa, ko jikinsa. Ba ta gyara taka motar. Doka ce tun 1945, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta a duk faɗin ƙasa. A sabon tsari, N15,000 ɗin nan tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Mai babur N3,000 zai biya, ta rufe masa har miliyan 1. Mai Keke Napep N5,000, har miliyan 2. Da takardarmu ta gaske ce, da kamfani ne zai gyara motar Malam, ni in ji da fitilata.

Na biyu, tsohuwar mota da cikakkiyar inshora, wadda ke gyara har taka motar. Kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Idan an yi wa motarka kuɗi miliyan 2, kana maganar N100,000 ke nan. Kuma ka sani, kamfani ba sabuwar mota zai saya maka ba, darajar motar a kasuwa ranar hatsarin yake dubawa. Yawanci akwai wani kaso na farko da kai za ka biya daga aljihunka, yana rubuce a takardar yarjejeniya. Don haka idan ɗan karce ne, wani lokaci kuɗin gyaran bai ma kai wannan kason ba. Ka yi lissafi da kanka. Ni dai ga irin motar Baba, tad-fati ta gaskiya na zaɓa, sannan muna ajiye wani abu a gefe don makaniki.

Na uku, idan abin ya faru. Ka fara duba lafiyar mutane. Ka ɗauki hotuna kafin a matsar da motoci: lambobi, wurin da ya lotse, da yanayin titi. Ka karɓi lambar wayar ɗayan direban da ta shaida ko da mutum ɗaya ne. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, don kamfani kan nemi takardarsu. Ka sanar da kamfaninka da wuri, a ranar in da hali. Kada ka sa hannu a kan alƙawarin biya, kuma kada a fara gyara sai kamfani ya ga ɓarnar ko ya amince da ƙiyasin makaniki. Idan sun yi ta ja maka rai, NAICOM tana karɓar ƙorafi.

Na san wasu za su ce, ai mu nan sasantawa muke yi. Gaskiya ne, kuma abu ne mai kyau. Amma sasanci da aljihu wayam, wani ne ke kwana da asara. Malam ɗan fansho ne. Da ba ni da abin biya, da haƙuri zai bayar dole, ya ajiye motarsa. Masu shakka ta fuskar addini kuma, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke aiki bisa tsarin Musulunci.

Aikin gida na wannan makon: ka ɗauko takardar motar gidanku, ko ta babur ɗinka, ka danna lambar nan ka duba. Ka duba wa Baba, ka duba wa Kawu. Idan babu ita, ku je wurin kamfani mai lasisi kai tsaye, ku karɓi rasit.

Sai mun haɗu a kashi na gaba. Allah Ya tsare mu a kan hanya.