Cinikin Gida da Fili a Karkarar Arewacin Kano: Wa Ke da Ikon Sallamawa?



An nemi in yi magana a kan sayen gida da sayar da shi a ƙasarmu ta arewacin Kano, watau Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da maƙwabtansu. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa ɗalibi da cinikin gida, shi da ko kuɗin rajista sai an yi masa karo-karo? To, ai ɗalibin yau shi ne ma'aikacin gobe mai tara albashi don ya sami wurin sa haƙarƙarinsa. Daɗin daɗawa, duk ranar da za a sayar da gonar gado a ƙauye, ɗan boko ake kira ya rubuta takarda. Idan ya rubuta ba da sani ba, shi zai fara zuwa gaban alƙali.

DALILIN TSADA

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da cika da mutane. Tun cikin shekarun 1960 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya daga baya kuma a Kano, ya nuna cewa a wannan yanki kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke ɗaukowa. Babu dajin da mutum zai sara ya ce ya yi sabuwar gona. Duk taƙin da ka taka yana da mai shi, sau da yawa ma masu shi.

Tun daga lokacin abubuwa uku sun ƙara matsa ƙasar. Na farko yawan jama'a: ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, bayan an cire Jigawa daga cikinta tun 1991. Na biyu birni ya tumbatsa ya bi hanyar Katsina har Dawanau, ya bi ta Ɗambatta, yana haɗiye gonaki. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021 kuma ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, ya ƙara sa idon masu kuɗi a kan filayen yankin. Na uku faɗuwar darajar naira, musamman daga 2023, ta sa mai 'yan kuɗi ya gwammace ya binne su a ƙasa. Sakamakon haka, gida ɗaya sai ka tarar mutum biyar na zawarcinsa, dillali kuwa yana raɗa wa kowannensu cewa in bai biya yau ba gobe wani zai ɗauka. A wannan gaggawa ake yin asara. Saboda haka abin da nake so ku riƙe shi ne: kafin ka tambayi nawa ne, tambayi wa ke da ikon sallamawa.

ABIN DA AKE SAYE

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa aka kuma sa ta cikin tsarin mulki, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Watau abin da mutum yake saye shi ne haƙƙin zama da amfani, tare da ginin da ke kai. A wuraren da Gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da wannan haƙƙi, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin gargajiya, ita ake neman yardarta. Kada a ɗauki wannan abin wasa: a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda an ƙulla ta ba da yardar Gwamna ba.

Har ila yau dokar ta ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuwa a kan gini da amfanin gona da itatuwa ake lissafa ta. Wanda ya zuba dukiyarsa a fili fetal don ya ji an ce hanya za ta bi ta kusa, idan hanyar ta bi ta kansa, abin da zai karɓa ba zai kai abin da ya biya ba.

Daga nan sai bambancin awon gwamnati da awon igiya. Awon igiya shi ne mai gona ya yanka ta fulotai da kansa, ya bar lungun da ko amalanke ba ta wucewa, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Yana da araha, shi ya sa yawancinmu can muke saye. Amma mai saye ya sani sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce cewa an yi ciniki. Takardar mallaka kuwa ta hukuma ce. Kafin ka biya, je sashen ƙasa na ƙaramar hukuma, in kuma wurin yana bakin birni je hukumar KANGIS da hukumar tsara birane ta KNUPDA, ka tambaya ko filin yana cikin wani shiri na gwamnati.

GADO

Mafi yawan gidaje da gonakin da ake sayarwa a karkararmu na gado ne, kuma nan ne babban rami. Uba ya rasu, ba a raba ba, babban wa ya ci gaba da riƙon gandu shekara ashirin har mutanen gari suka saba cewa gonar wane ce. Ran da ya sayar, sai ga ƙanwarsa da ke aure a Kunci, ga ƙane da ke neman kuɗi a Legas, ga matar uba mai tumuninta, kowa da haƙƙinsa. Daɗewar riƙo ba ta mayar da rabon ƙanwa na wa.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, akwai shufa'a. Ma'anarta, idan mutane suna tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon ya biya kuɗin da baren ya biya ya karɓe. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ba wanda yake nan har shekara guda, wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa yana jiransa. Ka ga ke nan kana iya biya, ka tara bulo da yashi, sannan a mayar maka da kuɗinka bayan naira ta ƙara zubewa.

Maganin wannan shi ne ka nemi takardar rabon gado ta kotu. In babu, a kawo maka sunayen magada duka, maza da mata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, wanda ba ya nan ya wakilta wani a rubuce. In akwai maraya ƙarami a cikinsu, kada ka taɓa sai da izinin alƙali. Ka kuma bincika ko wanda ke cikin gidan ko gonar mai shi ne, ko kuwa aro aka ba shi, ko haya, ko jingina, domin duk waɗannan riƙo ne da ba ya ba mutum ikon sayarwa.

DUBA GIDAN DA IYAKARSA

Gida da rani duk kyakkyawa ne. In da hali, je ka gan shi a watan Agusta. Dubi inda indararo ke zuba, ko a filin maƙwabci ne. Dubi gindin katanga ko ruwa ya ci, ka ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta shiga, ka auna tsakanin rijiya da masai. Tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin ginin da aka ɗora a kan irinsa ba ya rabuwa da tsagewa.

Iyaka kuwa a taka ta da ƙafa, gaban maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, a auna da tef a rubuta, a kafa dutse. Gamba da cindazugu da ake shukawa a kan iyaka suna mutuwa, wani lokaci ma da dare suke tafiya. A tabbata filin bai ci burtali ko maƙabarta ko hanyar rafi ba. Kada a manta da itatuwa: a ƙasarmu ana iya sayar da gona alhali ɗorawar da ke tsakiyarta ko kukar ta wani ce. A rubuta ko suna cikin cinikin.

DILLALI DA BIYAN KUƊI

Dillali yana da amfani, shi ya san gidan da za a sayar tun kafin a furta. Sai dai la'adarsa tana ƙaruwa ne da ƙaruwar farashi, kuma ba ya samunta sai ciniki ya faɗa. A yanka la'ada tun farko, a san wanda zai biya. Ka nace sai ka zauna da mai gidan ido da ido. In an ce maka wani ya taya fiye da kai, ka ce a nuna maka shi. Tayin ƙarya don a zuga mai saye haramun ne a shari'a, haka ma shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla. Kafin alƙalami kuma a rubuta sharaɗinsa, domin Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya cinye shi in ciniki ya warware ba. Ragowar kuɗin a biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke takarda, gaban shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka.

GA MAI SAYARWA

Yawancin masu sayarwa a karkara matsuwa ce ke sa su: aurar da 'ya, jinya, bashi, ko kujerar Makka. Mai saye kuwa yana jin ƙanshin matsuwa daga nesa. Wanda ya sayar a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba zai sami farashin wanda ya jira kaka ba. Ka tambayi nawa aka sayar da na kusa da kai cikin shekarar nan, ka saurari tayi fiye da ɗaya. Ka fara yi wa 'yan'uwa da maƙwabta tayi, don zumunci da kuma toshe rigima. Ka faɗi aibin gidan, domin aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayarwa. Kada ka miƙa takardun asali sai kuɗi sun cika, kada kuma ka karɓi kafin alƙalami a hannun mutum biyu.

Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: bayan an sayar, ina za a koma? Manomin Ungogo da ya yanka gonarsa fulotai yakan ga kuɗin da bai taɓa gani ba, amma kuɗi suna ƙarewa, gonar da ta ciyar da kakansa kuwa ba ta dawowa. In sayarwar ta zama dole, a sayar da sashe a bar sashe, ko a nemi madadin a Tsanyawa ko Gabasawa tun kuɗin ba su shigo hannu ba.

'Yan'uwana ɗalibai, hutu yana zuwa. Wanda duk ya san gidansu ko gonarsu na gado ne da ba a raba ba, ya zauna da manyansa cikin ladabi, a rubuta magada, a taka iyaka tun dattawan da suka san ta suna da rai. Ku kuma ma'aikata, idan dillali ya ce muku sai yau, ku ce masa sai an ga magada.

 Allah ya ba mu muhalli na halal, ya raba mu da rigimar ƙasa.