Kaka da Ɗari a Ƙasar Gobir



Da yawa daga cikinmu, tun da muka shigo makaranta ko muka kama aikin ofis, ba mu san hunturu da komai ba sai ƙura da mura da fashewar leɓe. To, amma a Sabon Birni da Isa, kaka da ɗari su ne ladan manomi, domin a cikinsu yake cin gumin da ya zubar da damina.

Alamar farko ita ce tumu. Da gero ya nuna, sai yara su karyo zangarniya su babbaka, ƙanshi ya cika gona. Daga nan sai girbi, a ɗaure dammuna a kai rumbu, a fitar da zakka, dawa da wake su biyo baya. Furar sabon gero da nonon Fulani, wanda ya sha ta ya san ba ta da na biyu.

Kafin a ankara, wajen watan Nuwamba, iskar arewa maso gabas ta taso daga hamada da hazonta. A lokacin ne ake hura wuta a ƙofar gida da asuba, a kewaye ta da kunu mai zafi, a tura dankali da rogo cikin toka. Magarya ta nuna a daji, rake ya shigo kasuwa, masu lambu kuwa sun gangara fadamun Rima da Bunsuru dashen albasa. Da dare tsofaffi mata su tara jikoki su yi musu tatsuniya, da rana dattawa su zauna dara a hantsi, samari su fita farauta.

Haka kuma lokacin kokawa ne da dambe da bukukuwan aure, domin mai ƙoshi shi ke wasa. Kada mu raina waɗannan abubuwa, a cikinsu adabinmu ya tsira. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, da kiɗan noma ya fara kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu.

Sai dai jama'a, duk wannan daɗi a kan abu biyu ya dogara: cikakken rumbu da kwanciyar hankali. Wannan ƙasa ta san yaƙi tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, amma abin da 'yan bindiga suka jawo mata daban ne. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba na 2021, tsakiyar ɗari, aka ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. An sha ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, dubban mutane kuma sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe, ina shi ina hira a bakin wuta?

Saboda haka muna da aiki. Mu da muka iya alƙalami, mu rubuta tatsuniyoyi da wasannin nan daga bakin tsofaffi tun suna raye. Waɗanda suke ofis, in takardar manomin Isa ko Sabon Birni ta zo teburinsu, kada su bari ta kwana. Idan ɗari ya kama, mu tuna da 'yan gudun hijira, mu kai musu bargo da hatsi. Mu kuma ci gaba da tambayar hukuma, cikin ladabi amma ba da gajiya ba, yaushe manomi zai girbe gonarsa ba tare da ya biya kowa ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya maimaita mana kaka mai albarka. Wassalam.