Koko namu, rake namu, cakulan na wasu: jawabi ga matasan jam'iyya

 

Da aka ce in yi magana a kan masana'antu, wasu sun zaci zan ɗauko zancen ƙarafan Ajakuta ko matatar mai. To, yau ba can zan je ba. Zan yi magana ne a kan alewa da minti da cakulan. Na ga wasu suna murmushi. Na san abin da ke ransu: mutane na fama da tsadar masara, shugaban matasa ya zo yana zancen kayan kwalam na yara. Ku ba ni mintoci kaɗan. Idan na gama, wanda har yanzu yake ganin wasa ne ya tashi ya faɗa, zan saurare shi.

Bari mu fara da koko. Ba kokon da muke sha da ƙosai ba, kokon itace nake nufi, wanda ake noma shi a Ondo da Osun da Kuros Riba da Ekiti da Ogun, har da sassan Kogi da Taraba. Da 'ya'yansa ake yin cakulan a duk duniya. Kafin mai ya rufe mana ido, koko shi ne ya riƙe Jihar Yamma kamar yadda gyaɗa da auduga suka riƙe Arewa. Da kuɗinsa gwamnatin Cif Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Dogon benen nan na Ibadan da aka gama a 1965, sunansa ma Gidan Koko. A shekarun 1960 ƙasa ɗaya ce kawai take gabanmu a noman koko, wato Gana. Yau Kwaddibuwa da Gana sun yi mana fintinkau, su biyun suna samar da wajen rabin kokon duniya, mu kuma muna kai-komo a wajen tan dubu 300 a shekara.

A 1986, lokacin tsarin SAP, aka rushe hukumar cinikin koko tare da sauran hukumomin amfanin gona. Hukumar tana da laifinta, domin ta daɗe tana sayen kaya a hannun manomi da araha. Amma da ta tafi, sai ta tafi da masu duba ingancin kaya, da rabon iri, da maganin feshi. Aka bar manomi da ɗan tsakiya. Gana ba ta rushe tata ba. Har gobe akwai cibiyar binciken koko a Ibadan, ta kuma fitar da iri masu saurin yin 'ya'ya, amma gonaki da yawa tsofaffin itatuwa ne, masu su ma sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi birni suna acaɓa.

To, wanda muke nomawar ma, ina yake zuwa? Mafi yawansa ɗanye ake loda shi a jirgin ruwa a Legas, a kai Turai, musamman Holan. Can za a soya shi, a niƙa, a tatse mansa, a haɗa da sukari da madara, a naɗe a takarda mai ƙyalli, a dawo mana da shi manyan kantunan Abuja da Kano da farashin dala. Suwizalan da Beljiyam sun yi suna a cakulan, alhali ko itacen koko ɗaya ba ya yi a ƙasarsu. A cikin kuɗin sandar cakulan guda, abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce ba mu da masana'antu kwata-kwata. Muna da su. Cadbury na Ikeja yana yin Bournvita da TomTom tun kafin a haifi mafi yawanmu. Nestlé yana yin Milo. Akwai kamfanonin sarrafa koko a Ondo da Ogun da Legas. Akwai kuma matasa 'yan ƙasa da suka fara yin cakulan na hannu, ƙanana-ƙanana, suna sayarwa ta intanet. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, masu sarrafa kokon yawancinsu a rabin hanya suke tsayawa: su fitar da man koko da garinsa, su sayar waje, ribar ƙarshe ta tafi ga wanda ya ƙarasa aikin. Na biyu, manyan kamfanonin da muke da su sun fi ƙarfi a garin shayi da minti mai tauri. Sandar cakulan ɗin kanta, yawancin wadda kuke gani a kanti shigo da ita aka yi.

Me ya sa? Dalili na farko wuta ce. Man koko yana narkewa da zafin da bai kai na jikin mutum ba, shi ya sa cakulan yake narkewa a baki. Kenan daga masana'anta zuwa mota, zuwa sito, zuwa shago, sai da sanyi. Ku ɗauki kwali ɗaya ku ajiye a shagon Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu, a ɗauke wuta awa shida, ku buɗe ku gani: kunu za ku tarar. Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Zai sayi TomTom da ba ya narkewa ya bar cakulan. Shi kuma mai masana'anta, injinsa a kan janareto yake kwana, ga dizal da tsada. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar layin da ake kira Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kuma masana'antu da yawa a wannan layin suke.

Dalili na biyu dala ce. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da ke bin bashin dala ya kwana ya tashi bashinsa ya ninka sau uku. Cadbury da Nestlé duka sun bayyana asara a lissafinsu na 2023. Idan manya masu iyaye a ƙasashen waje sun ji jiki haka, ku yi tunanin ƙaramin mai yin minti a Sharaɗa.

Dalili na uku zai ba ku mamaki. A 2024 farashin koko ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, saboda cuta da rashin kyan yanayi sun lalata amfanin Kwaddibuwa da Gana. Tan ɗaya da aka saba sayarwa ƙasa da dala 3,000 ya haura dala 10,000. Manominmu ya samu kuɗi, mun yi masa murna, ya daɗe yana wahala. Amma mai sarrafa koko na gida sai ya shiga uku. Dole ya yi gogayya a bakin gona da mai fitarwa waje wanda ke riƙe da dala, shi kuwa bashin banki zai ci. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuwa ya fi haka. Wa zai ci bashi a haka ya tara kokon da zai riƙe injinsa shekara guda? Sai injin ya yi aiki wata kaɗan, ya kwanta, ma'aikata su koma gida.

Yanzu na zo inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Wani zai ce koko ai na 'yan Kudu ne, ina ruwanmu? 'Yan uwa, cakulan murhu ne mai duwatsu uku: koko, sukari, madara. Biyu daga ciki a ƙasarmu ta Arewa ya kamata su fito. Minti kuwa kusan duk jikinsa sukari ne.

Najeriya tana shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 ɗanyensa ake shigowa da shi, yawanci daga Birazil, a tace a bakin teku. Alhali kamfanin sukari na Bacita a Kwara yana nan tun shekarun 1960. Savannah na Numan a Adamawa yana nan, yanzu a hannun Dangote. An buɗe na Sunti a Jihar Neja a 2018. A 2012 gwamnati ta amince da babban tsarin sukari na ƙasa, da alkawarin cewa cikin shekara goma za mu ciyar da kanmu. Shekara goma ta cika, ba a kai ko kusa ba, aka sake ƙara wa'adi. Ku je Maƙarfi ku ga rake, ku ga yadda ake dafa mazarƙwaila. Ƙasar tana yi, manoman sun iya. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Madara fa? Shanun ƙasar nan a hannun makiyayanmu suke, amma madarar gari da masana'antu ke amfani da ita daga Turai da Niyuzilan take zuwa. 'Yar Fulani tana yawo da ƙwarya a rana, nonon da bai ƙare ba ya lalace, saboda babu wurin tarawa mai sanyi kusa da rugarsu. Ga ƙaro, wanda masana'antun alewa da lemo na duniya ba sa iya yi sai da shi. Yobe da Borno da Jigawa suna da shi, buhu-buhu yake fita ɗanye. Ga riɗi a Dawanau, ga gyaɗa, ga cittar Kachiya, ga aya, ga tsamiya. Duk kayan haɗin alewa ne, kuma duk ɗanye muke sallamawa.

Ku shiga Kasuwar Singa ku duba kwalayen minti da cingam da biskit. Ku juya bayan kwalin ku karanta inda aka yi. Za ku ga na gida, amma za ku ga na Indiya da Turkiyya da Sin. Daga Singa ɗin nan 'yan kasuwar Nijar da Chadi suke sari. Kasuwa ce a bakin ƙofarmu, ta miliyoyin yara, muna riƙe wa wasu ita. Iyayenmu da suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa za su gaya muku akwai lokacin da ƙanshin alewa ke tare mutum tun daga titi. Da yawa daga waɗannan gine-gine yau sito ne na ajiye kayan waje.

Kuma kada mu manta da masana'antar da ba ta taɓa rufewa ba, wadda ke cikin gidajenmu. Alewar madara, gullisuwa, tuwon madara, iloka, kantun riɗi, carbin malam, hanjin ligidi, dakuwa. Iyayenmu mata sun riƙe marayu da wannan sana'a, sun biya kuɗin makaranta, sun yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Yau tsadar sukari da madarar gari ta sa wasu sun sauke tukunya. Waɗanda suka rage ba su da lambar NAFDAC, ba su da leda mai kyau, don haka babban kanti ba zai karɓi kayansu ba, sai dai tallan yara a bakin makaranta. Yarinyar da ya kamata tana aji, tana waje da faranti a ka.

To, me muke nema? Ba zan ce a rufe iyaka gobe da safe ba. Mun ga abin da rufe iyakar 2019 ya yi wa farashi. Wanda ya hana shigowa da kaya kafin ya samar da na gida, talaka ya hukunta. Abubuwa biyar nake so mu riƙe.

Ɗaya, wuta ta musamman ga unguwannin masana'antu. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta. Gwamna ba shi da sauran uzurin cewa sai Abuja.

Biyu, bashi mai sauƙin ruwa na dogon zango ga mai sarrafa koko da rake da madara, ta Bankin Masana'antu, kuma a buga sunayen waɗanda suka karɓa kowa ya gani.

Uku, duk kamfanin da aka ba izinin shigo da ɗanyen sukari, a riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara hekta nawa ya noma, manoma nawa ya ɗauka. Wanda bai cika alkawari ba a rage masa kaso.

Huɗu, wuraren tara madara masu sanyin sola a kusa da rugage.

Biyar, kowace ƙaramar hukuma ta samar da ɗakin sarrafawa guda mai tsafta, inda ƙungiyoyin mata masu alewa za su yi aiki, su samu rajistar NAFDAC a ƙungiyance, su naɗe kayansu da sunansu.

Gana tana da kamfanin gwamnati a Tema da ke yin cakulan mai suna Golden Tree, har ta mayar da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa don mutanenta su ci abin da suka noma. Gana ba ta kai mu yawan jama'a ba, ba ta kai mu kasuwa ba. Kuma a Yamai, a watan Yulin 2019, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka. Ƙofa ta buɗe ta kowane ɓangare. Idan ba mu fitar da namu ba, na wasu zai shigo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikinmu mu matasa shi ne wannan. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, na jam'iyyarmu ne ko na wata, kada mu tsaya a hula da atamfa da kuɗin mai. Mu tambaye shi: masana'anta nawa ce a rufe a mazaɓarka, ka san sunayensu? Me za ka yi a kan wutarsu? Wanda ya kasa amsawa, ya koma ya yi nazari ya dawo. Kuma ina roƙon shugabannin matasa na kowace mazaɓa, kafin zamanmu na gaba, ku kawo mana jerin matan da ke sana'ar alewa a unguwanninku, da abin da kowace take saye a mako na sukari da madara. Da wannan takarda za mu tunkari kansila da ciyaman, ba da baki kawai ba.

Wanda har yanzu yake ganin zancen yara ne, ga makirufo nan, bismillah.