Ganyen St. John's Wort da Ciwon Damuwa: A Yi Hattara da Haɗi

Jawabin da aka gabatar wa 'yan ƙungiya a Sabo, Ibadan



Maganata yau a kan ciwon damuwa ce, da wani maganin ganye da ake shigowa da shi daga waje cikin kwalba. Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran yini ɗaya. Mutum ne zai yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, fita kasuwa ma ta gagare shi. Mu da ke zaman Kudu, nesa da dangi, mun san yadda irin wannan ke cin mutum a ɓoye. Da yawa suna gudun asibiti don kada a ce sun taɓu, sai su nemi abin da za su sha ba wanda ya sani.

Sunan da za ku gani a jikin kwalbar shi ne St. John's Wort, ko Hypericum. Tsiro ne mai ɗorawar fure da Turawa suka daɗe suna amfani da shi, har likitocin Jamus na rubuta wa marasa lafiya shi. To, yana aiki? A 2008 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutum sama da 5,000, suka ga yana taimaka wa masu damuwar da ba ta yi tsanani ba. Amma wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002 bai nuna ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Ga shi kuma ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Illolinsa na kansa galibi masu sauƙi ne: ɓacin ciki, jiri, bushewar baki, kasala, da saurin ƙonewar fata a rana, musamman ga mai hasken fata. Babban haɗarin yana wajen haɗa shi da wani magani, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku.

Hanta ita ce mai sharar jiki. Ita ke kwashe magani daga jini in ya gama aikinsa. Wannan ganye yana sa ta yi ta shara da gaggawa, ta kwashe magani tun bai yi aikin ba. Mutum yana shan ƙwayarsa a kan lokaci, alhali kamar ba ya sha. A shekarar 2000 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan an gano yana rage wani maganin ƙanjamau a jini da fiye da rabi. A wannan shekara kuma likitoci a Suwizalan suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin zuciyar saboda shi. Tun daga 2000 ɗin ƙasar Ayilan ta hana sayar da shi sai da takardar likita.

Kada ku ce wannan labarin Turai ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem, wanda babu gidan da ba a sha a nan, kamfanin da ke yin sa ya hana a haɗa shi da wannan ganye. Haka maganin ƙanjamau da ake bayarwa a asibitocinmu, da maganin farfaɗiya, da wafarin na tsinka jini, da wasu magungunan zuciya. Iyayenmu mata, ƙwayar tazarar haihuwa da wanda ake sawa a damtse duk yana raunana su, sai a wayi gari da cikin da ba a shirya ba.

Akwai haɗi na biyu. Wanda ke shan maganin damuwa na asibiti, ko tiramol, in ya ƙara da wannan ganye, wani sinadarin ƙwaƙwalwa zai iya yin yawa: zufa, karkarwa, zazzaɓi, bugun zuciya da ruɗewa. Wannan yana iya kisa, asibiti za a nufa nan take. Samarinmu, ku riƙe wannan. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Haka wanda ciwonsa kan juya daga damuwa zuwa zumuɗi da surutu da rashin barci, domin yana tayar masa da shi.

Wani zai ce ai da lambar NAFDAC a jiki. Lambar ba ta san irin maganin da kake sha a gida ba. Kuma kasancewar abu ganye bai sa ya zama ba illa. Zaƙami ma ganye ne.

Saboda haka ga roƙona. Na ɗaya, in za ka asibiti, zuba duk abin da kake sha a leda, na Bature da na gargajiya, ka nuna wa likita. Na biyu, in ka riga ka fara haɗawa, kada ka yanke da kanka, domin in an daina, ƙarfin ɗaya maganin zai iya hauhawa a jini. Likita ne zai daidaita. In za a yi maka tiyata ma, ka faɗa tun da wuri. Na uku, 'yan'uwanmu masu sayar da magani, ku riƙa tambayar mai saye me yake sha kafin ku miƙa masa. Na huɗu, duk wanda kuka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada a tsaya gwajin ganye, a raka shi asibiti a ranar. Ga UCH kusa da mu, ga Aro a Abeokuta, ga Yaba a Legas. Ciwon damuwa yana da magani, kuma zuwa neman sa ba abin kunya ba ne.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.