Sabon Mahayin Babur da Tafiya Ƙetaren Iyaka

Jama'ar Kutawa da na ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi sun saba ganin yaro ya sayi babur bayan kaka, kafin wata ya zagayo ya ce zai tafi Maraɗi gaishe da dangi ko cin kasuwa. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Daga Dutsin-Ma a bi ta Kurfi zuwa Katsina kamar kilomita 60 ne, daga Katsina kuwa a bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi bai cika kilomita 100 ba. Amma fa ƙasar wasu ce, da dokarsu da ma'aikatansu.

Abin da ya fi kā da sabon mahayi shi ne rairayi. Wanda ya koyi babur a kan kwalta, in ya ji tsoro sai ya damƙe birkin gaba. A kan kwalta babur ya tsaya, amma cikin rairayi tayar gaba ta kan zame, mutum ya kife nan take. Daidai shi ne ya rage gudu tun bai shiga ba, ya sa ƙaramar giya, ya riƙe mai ba ƙari ba ragi, ya bar idonsa can gaba inda ya nufa. In an ɗora masa goyo ko buhu, nauyi ya koma baya, kan babur ya yi sakayau, tsayawa kuma sai ta ɗauki fili mai tsawo. Saboda haka wanda bai yi watanni yana hawa shi kaɗai ba, kada ya ɗauki kowa zuwa ƙetare, ko da mahaifinsa ne ya roƙe shi. Ya fara da zuwa Kurfi ya komo, sa'an nan Katsina, har hannunsa ya faɗa.

Manyan motocin kaya su ma abin lura ne, gama iskarsu ta kan ture babur in sun gifta, ƙurarsu kuwa da hunturu ta kan rufe ido. Hular kwano wajibi ce tun ranar 1 ga Janairu 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta sa ta. Hular da aka ɗora bisa kai ba a ɗaure igiyarta ba, ita ke riga mai ita faɗuwa.

Sauƙi ɗaya dai akwai. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, watau daidai da Nijar, don haka ba a sake hannu a iyaka.

Sai batun takardu. Lalle mutum ya riƙe lasin babur, da takardun mallaka masu sunansa, da inshora, da takardar tafiya, da katin rigakafin shawara. Babur ɗin aro ko wanda aka saya ba rasit ya kan jawo tsaiko wurin 'yan duwan da jandarma, waɗanda takardunsu da Faransanci suke. A 1982 aka kafa katin inshora na ECOWAS domin masu ƙetare iyaka da abin hawa, amma Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025. An kuma rufe iyakar a 2019, aka sake rufe ta a 2023 har zuwa Maris 2024. To, kafin ya ɗaura kaya, mai tafiya ya je ofishin shige da fice a Katsina ya tambayi abin da ake nema a ranar.

Kada ya bi ɓarauniyar hanya, kada kuma dare ya same shi. A 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana hawa uku a babur, duk saboda 'yan bindiga, waɗanda su ma da babura suke yawo. Baƙon da aka gani cikin daji da magariba, ba lalle ne a tsaya jin ta bakinsa ba. Ya tashi da hantsi, tare da wanda ya san hanya, ya gaya wa mutanen gida inda zai sauka da ranar da zai komo.